Ruwan da ido ba ya gani: yadda laima ke cin dusa, harawa da gishirin bisashe

Wata safiya cikin watan Agusta shugaban wata ƙungiyar makiyaya a karkarar Deule ya kira ni a waya, ya ce in zo in ga tumaki. Na hau babur na tafi. Na iske tumaki shida na kiwon turke a ƙarƙashin rumfa, sun ƙi cin abinci, biyu suna zawo, ɗaya mai ciki ta yi ɓari da dare. Na sa ma'aunin zafi, babu zazzaɓi. Na buɗe baki, babu gyambo, hanci kuma babu majina. Sai na tambayi matan da ke kiwonsu abin da suke ba su. Duka suka ba ni amsa ɗaya: dusar alkama daga ɗakin ajiyar ƙungiya.

Da aka buɗe ɗakin, wari ne ya fara tarbar mu. Na ɗaga ledar da aka lulluɓe buhunan da ita, na tura hannu cikin buhu ɗaya, na ji shi da ɗumi kamar tuwon da aka kwashe ɗazu. Dusar ta dunƙule, ta yi kore da baƙi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Likita, ai ruwa bai taɓa shiga ɗakin nan ba. Ɗigo ɗaya babu. Kuma kai ka ce mu rufe da leda."

Gaskiyarsa. Ni na ba da shawarar, da hannuna na taimaka aka jera buhunan bisa siminti, jingine da bango, muka rufe su ruf don tsoron yoyon rufi. Na ce masa, "Baba, laifina ne. Na tsare muku ruwan sama, na manta da ruwan iska." Mun dakatar da dusar, tumaki biyar suka tashi, ɗaya ta mutu. Buhu goma sha huɗu muka haƙa rami muka binne, kuɗin da mata suka tara dala-dala.

Tun daga ranar nake duban kowane ɗakin ajiya da tambaya biyu: ta ina ruwa ke fita, ta ina kuma yake shiga. Abin da na koya ke nan nake son mu tattauna, ƴan'uwa makiyaya.

Iska tana shan ruwa, tana kuma amayar da shi

Kowa ya san wankin da aka shanya cikin watan Fabrairu ba ya kai azahar bai bushe ba, na Agusta kuwa sai ya kwana a igiya. Ruwan da ke cikin tufa ba ɓacewa yake ba, iska ce ke kwashe shi a matsayin tururin da ido ba ya gani. Sai dai iska tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana bin zafi. Wuri mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, in zafinsa digiri 20 ne, ba ya riƙe fiye da kamar giram 17 na ruwa. A digiri 30 yana riƙe giram 30, a digiri 40 kuwa kusan giram 51. Ke nan iskar da ta ƙoshi da rana, in dare ya yi ta huce, dole ta sauke abin da ya fi ƙarfinta. Wannan ita ce raɓar da muke gani bisa ciyawa da asuba, ita ce kuma ke taruwa a cikin rufin kwano da ƙarƙashin leda.

Abu huɗu ke sa ruwa ya ƙafe da sauri ko a hankali. Na farko zafi. Na biyu ƙishirwar iskar kanta: lokacin hunturu laimar iska a ƙasarmu takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, da safiyar Agusta kuwa takan haura 80. Na uku kaɗawar iska, domin iskar da ke tafiya tana kwashe tururin ta kawo sabuwa mai ƙishirwa. Na huɗu faɗin fuskar abu: ruwan da ke cikin faranti ya riga na cikin kwalba ƙafewa, ko da awonsu ɗaya.

Sai kuma halin kayan da kansu. Dusa, harawa, fata, gishiri da yumɓu duk suna numfashi. In iska ta fi su bushewa sai su ba ta ruwa, in ta fi su laima sai su tsotsa daga gare ta. Leda da ƙarfe ba sa sha, ba sa kuma barin ruwa ya wuce. Wanda ya riƙe waɗannan biyar zai iya faɗin abin da zai sami kayansa tun kafin ya same su.

Dusa da gurya

Ga abin da ya faru a ɗakinmu. An sayi dusar lokacin sanyi tana da arha, a bushe. Ragowarta ta kai damina. Ƙasar da ke ƙarƙashin siminti ta sha ruwa, laima ta riƙa hawowa ta cikin simintin da bangon laka, kamar yadda mai ke hawa lagwanin fitila. Da rana ɗaki ya yi zafi, tururi ya tashi daga buhuna, ya iske leda ta tare masa hanya. Da asuba ledar ta huce, tururin ya koma ruwa ya ɗiga bisa buhu. Haka kullum har wata biyu.

Dusa tana zaune lafiya muddin ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100 ba. Da ya haura, fumfuna ta samu gida. Ɗumin da na ji a hannuna numfashinta ne, kuma numfashin yana ƙara fitar da ruwa, shi ya sa ɓarnar ke gudu da zarar ta fara. Wasu nau'in fumfuna suna haifar da guba, mafi shahara ita ce aflatoksin, wadda ke son gyaɗa, masara da gurya. An gano ta ne bayan da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa. Tana cin hanta, tana rage nono da ƙiba, tana raunana jiki har rigakafi ya kasa kamawa yadda ya kamata. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne tana bi ta nonon saniya ko akuya ta isa cikin yaro. Shanyawa a rana tana busar da dusar da ta yi fumfuna, amma gubar tana nan. Tafasawa ma ba ta kashe ta.

Don haka a ɗora buhu bisa katako ko gungume, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, a bar kamu ɗaya tsakaninsa da bango, a bar ƙananan tagogi biyu masu fuskantar juna da aka sa wa raga. In rufi na yoyo, rufin za a gyara. In dole sai an sa leda, a rataya ta sama kamar rumfa, kada ta taɓa buhu. Buhun leda mai ninki uku da ake ajiye wake a ciki yana da amfani ƙwarai, amma sai abin da aka zuba ya bushe sarai kafin a ɗaure, domin abin da ke hana laima shiga shi ke hana ta fita.

Akwai gwaji mai sauƙi ga hatsi da gurya. A samo kwalba busasshiya mai murfi, a soya gishiri a kasko ya bushe ya huce, a zuba ƙwayar har kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a ƙara gishirin cokali biyu, a rufe a girgiza, a bar shi kamar kwata ɗaya na awa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar shanya.

Harawa da kara

Ɗanyar ciyawa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne. Kafin ta ajiyu sai ya sauko kusan kashi 15. A nan mutanenmu suna kuskure ta fuska biyu. Wasu suna ɗaure harawar wake da wuri, ganye ya bushe amma jijiyar tana ɗanya, tsakiyar dami ya yi zafi ya yi baƙi. Wasu kuma suna barin ta a rana har ta yi fari, ganyen ya kakkaɓe a gona. Amfanin harawa a ganye yake, kuma koren launin nan alama ce ta sinadarin da jikin dabba ke mayarwa bitamin A. Rashinsa ke kawo dundumi da haihuwar ƴaƴa marasa ƙwari a ƙarshen rani.

Ganye siriri ne mai faɗi, shi ya sa yake riga jijiya bushewa. Maganin shi ne a baza harawa ba da kauri ba, a juya ta, kwana biyu ko uku a rana, sannan a ƙarasa a inuwa inda iska ke ratsawa. A ɗauki ɗan dami a murɗa. In jijiya ta nuna danshi ko ta lanƙwashe kamar igiya, da saura. In ta yi ƙara ta fara karyewa amma ganye bai zube ba, ta yi. A ɗaure da sassafe, lokacin da ganye ya ɗan yi laushi da sanyin dare, sai ya zauna a jikin dami.

Ɗora harawa bisa rumfa ko cikin rassan itace dabara ce mai kyau, iska na bi ta ƙarƙashi, gara da awaki ba sa kai mata. Rauninta shi ne rana tana cin saman har wata shida, sannan ruwan farko na Mayu ko Yuni ya same ta a fili, daidai lokacin da ta fi tsada kuma bisashe suka fi buƙata. Ɗan rufin zana ko na kara a kanta ya wadatar. Haka ƴaƴan gawo da ake tarawa: a buhun algarara ko kwando, ba a leda ba.

Gishiri, kanwa da dunƙulen lasa

Kantun da ake kawowa daga Bilma, da gishirin Tigidda can wajen Ingal, rana da iska ne suka yi su. Ana tara ruwan gishiri a ƙananan kududdufai marasa zurfi, ruwa ya ƙafe, gishiri ya rage. Abin da aka raba shi da ruwa ta wannan hanya yana neman komawa. Da zarar laimar iska ta haura kamar kashi 75 cikin 100, gishiri yana jawo ruwa da kansa har ya fara narkewa. Shi ya sa kantu ke gumi da damina ko ba a taɓa shi ba, ya ci buhu, ya ci gindin bango, ya kuma jiƙa duk abin da aka jingina da shi. Kada a haɗa gishiri ko kanwa da dusa a kusurwa ɗaya.

Dunƙulen lasa da ake haɗawa da takin ure yana da nasa haɗarin. Ure ta fi gishiri saurin narkewa. An yi dunƙulen ne don dabba ta lasa kaɗan-kaɗan. In an bar shi a cikin roba ko ƙwarya ruwan sama ya sauka, sai ure ta taru cikin ruwan, akuya mai ƙishirwa ta shanye na kwana da yawa a lokaci ɗaya. Kafin awa ɗaya za ka ga rawar jiki, dalala, kumburin ciki, ta faɗi. In haka ta faru a kira likitan dabbobi nan take, ba a jira gobe. Rigakafinsa kuwa ba ya cin ko dala: a huda gindin abin da ake sa dunƙulen, a ajiye shi ƙarƙashin rumfa. Kada a ba jaki, doki ko ƴan ƙananan da ba su fara tuƙa ba.

Akwai inda muke son laimar ta zauna da gangan. Wajen gyara kara da ure, ana narka kilo 5 cikin ruwa lita 50 a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a danne a rufe da leda ko a yaɓe da laka, mako biyu zuwa uku. Nan rufewa ruf ita ce aikin, don in iska ta samu ƙofa sinadarin ya tsere, kara ya bushe bai yi laushi ba. Da an buɗe kuma, a baza abin da za a bayar ya sha iska tukuna. Leda ɗaya ce, a ramin kara ta gyara, a ɗakin dusa ta ɓata.

Tabki da kwami

Ruwan saman da ke sauka a yankin Adar yawanci tsakanin milimita 300 ne zuwa 500 a shekara, amma abin da rana da iska ke iya kwashewa daga buɗaɗɗen ruwa ya haura mita 2. Da bazara tabki yakan rasa kusan santimita 1 a yini. Mu yi lissafi. Santimita 1 bisa eka mai faɗin hekta 1 lita 100,000 ke nan. In saniya na shan lita 30, wannan ruwan shanu fiye da 3,000 ne, ya tafi sama babu wanda ya sha. Saboda haka in ƙungiya ta samu aikin gayya ko tallafin yasar tabki, a nemi zurfi, kada a nemi faɗi. Tabki mai zurfi da ƙaramar fuska ya fi daɗewa.

Ruwa na ƙafewa, amma gishiri, fitsari da kashi ba sa bin sa. Ragowar tabki a ƙarshen rani ita ce mafi ƙazanta, a nan zawo ke yawaita. Laka da ke kewaye da kwami kuma tana raya ƴaƴan tsutsar ciki, waɗanda da busasshiyar ƙasa ce da sun mutu, tana kuma jiƙa kofato har ya ruɓe. A zuba tsakuwa kewaye da kwami, dutse dai ba mu rasa shi a Adar ba, a yi wa ruwan da ke zuba hanya.

Game da iska, darasin yana ƙofar gidanmu. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, nan cikin Buza, da haɗin gwiwar ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji. Duk wanda ya yi noma a bayan layukan ya san ƙasar ta fi riƙe danshi, don itatuwan sun karya ƙarfin iska. Aikin raya karkara na Keita, da ya fara a 1984, shi ma tare ruwa da dasa itace ya sa gaba. Shingen itace a gefen gabas na tabki ko na mashaya yana yin irin wannan aiki.

Randa, salka da allurar rigakafi

Ƙafewar ruwa tana tafiya da zafi. Lita ɗaya kafin ta zama tururi tana cin zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Randa da salka suna tsatsar da ruwa ta jikinsu, iska ta kwashe, na ciki ya yi sanyi. Gumin saniya da hakin tunkiya ma haka suke aiki, shi ya sa turken da iska ba ta ratsawa ke wahalar da ragon layya ko da akwai inuwa. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan lambu.

Sau da yawa mataimakan likita na ƙauye suna tambayata ko za su sa allurar rigakafi a randa. Amsa ita ce a'a. Allurar tana son digiri 2 zuwa 8, randa ba ta kai nan ko da hunturu, da damina kuwa sanyinta yana raguwa don iska ta ƙoshi. Wurin allura firiji ne da akwatin ƙanƙara. Jiƙaƙƙen buhu bisa akwatin, a inuwa, yana taimaka wa ƙanƙara ta daɗe, iyakar abin ke nan.

Allurar annobar ƙananan bisashe da ta ciwon huhun shanu, irin waɗanda ɗakin binciken LABOCEL na Yamai ke haɗawa, suna zuwa a busasshe cikin ƴar kwalba. Cire ruwan da aka yi shi ke tsare su. Da an zuba ruwan haɗi ƙarfinsu ya fara tafiya, a gama da kwalbar cikin awa biyu. Shi ya sa muke roƙon ku tara bisashe kafin mu buɗe. Haka ƙwayar maganin tsutsa da garin magani: a bar su cikin takardarsu har ranar bayarwa. Garin da ya dunƙule ko ƙwayar da ta yi laushi sun sha laima, kada a saya a kasuwa.

Fata

Fata ma kuɗi ce, balle ta jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani. In an shimfiɗa ta a ƙasa cikin rana, sama ya bushe ya ƙanƙame, ya toshe wa ruwan tsakiya hanya, ƙasan kuma ba ya samun iska. A ido ta bushe, sai ta isa hannun majemi gashi ya zube ta huje. A kankare kitse, a ɗaure ta da igiya cikin firam na itace, a inuwa, iska na bugun fuska biyu. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya kuwa ba a feɗe ta sam, don gudun ciwon saifa.

Abin da muka yi a Deule

Da kaka ta zo, ƴan ƙungiyar suka yi gayya. Matasa suka sare gungume aka yi gado a ɗakin, magini ya huda tagogi biyu, aka liƙe rufi, aka fitar da gishiri zuwa wata ƴar bukka daban. Muka kuma yarda da ƙa'ida uku: a sayar da dusa duka kafin damina ta zauna ko da ribar ta ragu, buhun da ya fara shiga shi ke fara fita, kuma kowace Juma'a ma'ajiya ta tura hannu cikin buhu uku, na sama, na tsakiya, na ƙasa. In ta ji ɗumi, ko wari, ko dunƙule, ta kira ni.

Daminar da ta biyo ta kira ni sau ɗaya, kan buhu ɗaya da ya zame ya taɓa bango. Mun ware shi, sauran suka tsira. Kafin hadarin farko na bana, ku ma ku shiga ɗakin ajiyarku da asuba, ku shafa cikin rufi, ku shafa gindin bango, ku tura hannu cikin buhun ƙasa. In kun ji abin da bai kwanta muku ba, kada ku ba dabba, ku nemi ma'aikacin kiwo mafi kusa ya duba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana bisashe.